Ina Kuɗin Ya Shiga? Tambayoyi da Amsoshi Kan Haƙƙin Mutanen Zariya na Ganin Takardun Gwamnati

A majalisun hira na Zariya, daga Ƙofar Doka har Samaru, ba a rasa mai cewa "an cinye kuɗin." Kuɗin titi, kuɗin rijiyar burtsatse, kuɗin kujerun makaranta. Amma in ka tambaye shi nawa ne kuɗin, wa aka ba aikin, yaushe aka biya, sai zance ya koma "haka dai ake faɗa." Mai riƙe da ofis ba ya tsoron "ana faɗa," domin gobe wani zancen zai danne wannan. Abin da ke hana shi barci shi ne takarda mai lamba da kwanan wata a hannun mutanen unguwa. Tambayoyin da ke ƙasa kan yadda ake samun wannan takarda ne.

Wai da gaske akwai dokar da ta ba talaka damar neman takardun gwamnati?

Akwai. Sunanta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda lauyoyi da 'yan jarida ke taƙaitawa da FOI. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. An sha wuya kafin a same ta. Tun 1993, zamanin soja, ƙungiyar Media Rights Agenda da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da masu kare haƙƙin jama'a suka fara tsara daftarinta. Aka kai majalisa a 1999, majalisa ta amince a 2007, Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, aka koma aka faro daga tushe.

Sashe na 1 ya ce kowane mutum yana da haƙƙin neman bayanin da ke hannun ma'aikacin gwamnati ko hukuma. Bai ce ɗan jarida ba, bai ce lauya ba, bai ce ɗan jam'iyya mai mulki ba. Mai sayar da tumatir a kasuwar Sabon Gari da farfesa a harabar jami'a ta Kongo matsayinsu ɗaya a gaban wannan doka. Tsarin mulkin 1999 ma ya riga ya share fagen, domin sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, sashe na 39 kuma ya ba kowa 'yancin karɓar bayani da isar da shi.

Ai dokar tarayya ce. Ta hau kan gwamnatin Kaduna da ƙananan hukumomi?

Wannan ce hujjar da jihohi suka daɗe suna fakewa da ita. Kana kai takarda sai a ce maka, "Ba mu shigar da ita cikin dokokin jiharmu ba." Wasu jihohin, irin su Ekiti da Imo da Delta, sun yi tasu. Kotun ɗaukaka ƙara kuma ta raba kanta biyu a 2018: zaman Akure ya ce dokar ta shafi jihohi, zaman Benin ya ce ba ta shafe su ba.

Kotun Ƙoli ta raba gardamar ranar 11 ga Afrilu, 2025, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, inda wasu mutane suka nemi hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar ta nuna musu yadda ta kashe kuɗi, ta ƙi. Hukuncin ya ce dokar ta hau kan dukkan matakan gwamnati. Saboda haka duk jami'in da ya sake kawo maka wancan tsohon uzuri, ko dai labari bai kai masa ba, ko kuwa yana fatan kai ne bai kai maka ba. Ka ambaci ranar hukuncin a cikin takardarka, ka huta da musu.

Wace ƙofa zan ƙwanƙwasa a nan Zariya?

Nan ne mutane da yawa ke ɓata kafin su fara, domin Zariya gari ne da gwamnatoci uku suka cakuɗe a cikinsa. Jami'ar Ahmadu Bello, asibitin koyarwa na Shika, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da cibiyar nazarin sufuri, duk na tarayya ne. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, hukumar ruwa da yawancin makarantun sakandare na gwamnati, waɗannan na jiha ne. Kasuwannin unguwa, magudanan ruwa na cikin lungu da kwashe shara sukan faɗa hannun ƙaramar hukuma.

Ita ma ƙaramar hukumar ba ɗaya ba ce. Abin da baƙo ke kira Zariya ya ƙunshi ƙaramar hukumar Zariya mai gundumomi 13, wadda ta haɗa cikin birni da Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur har zuwa Dambo da Wucicciri, da kuma ƙaramar hukumar Sabon Gari mai gundumomi 11, inda Samaru da Hanwa da Dogarawa da Basawa suke. Mutumin Samaru da ya kai kukansa sakatariyar Zariya ya yi asarar kuɗin mota.

Makarantar firamare ta fi kowa rikitarwa. Ajin da kake gani ana ginawa yana iya zama na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da tallafin takwararta ta tarayya. Yana iya zama aikin mazaɓa na ɗan majalisa. Yana iya zama na ƙaramar hukuma. Fara da allon da ake kafawa a bakin aiki, ka ɗauki hotonsa tun bai ɓace ba. In babu allo, wannan kansa abin tambaya ne.

In ka yi kuskuren ofis, dokar ba ta yarda a kore ka haka kawai ba. Sashe na 5 ya ce hukumar da ta ga wata ce ta fi cancanta ta miƙa mata takardar cikin kwana 3, kada ya wuce 7, ta kuma sanar da kai a rubuce. Kamfanoni masu zaman kansu ma ba su tsira ba matuƙar suna aiki da kuɗin jama'a ko suna yi wa jama'a hidimar da ta gwamnati ce.

Dole ne in faɗi dalilin da ya sa nake so?

A'a. Dokar ta faɗa ƙarara cewa mai nema ba sai ya nuna yana da wata buƙata ta musamman ba. In aka ce maka "Me za ka yi da shi?" ko "Wa ya turo ka?" kana iya amsawa don ladabi, amma ba sharaɗi ba ne.

To me ya kamata in nema?

Nemi takarda, kada ka nemi bayanin baki. Wannan shi ne bambancin wanda zai samu wani abu da wanda za a sallama da zance mai daɗi. In ka rubuta, "Me ya sa ba a gama asibitin unguwarmu ba?" amsar da za ka samu ita ce gwamnati tana iya ƙoƙarinta, a ƙara haƙuri. Ba ƙarya aka yi maka ba, kuma ba ka ƙaru da komai ba. In kuwa ka ce a ba ka kwafin takardar ba da kwangilar, babu yadda za a amsa da "ana ƙoƙari." Ko a ba ka, ko a hana ka, kuma kowanne yana da abin da zai biyo bayansa.

Kowane aikin gwamnati yana barin sawu a wurare da dama, kuma kowane sawu abin da yake nunawa daban. Kasafin kuɗi yana nuna abin da aka yi niyya ne kawai. Mutane kan ga naira miliyan kaza a kasafi su fara zagin ciyaman ko kwamishina, alhali wataƙila ko sisi ba a saki ba. Takardar ba da kwangila tana nuna sunan kamfani da farashi da wa'adi. Takardun biyan kuɗi suna nuna abin da ya fita da gaske, har da kuɗin kafin alƙalami. Takardar shaidar kammala aiki tana nuna jami'in da ya sa hannu cewa ya gani da idonsa an gama. In rufin aji ya yaye a damina ta farko, sunan da ke kan wannan takarda shi ne abin nema.

Akwai kuma wadda ta fi su duka amfani, mutane kuma ba su cika tunawa da ita ba: jadawalin kayan aiki da farashinsu, wanda ake haɗawa da kwangila. A ciki ne aka rubuta buhun siminti nawa, kaurin kwano, girman rodi, tagogi nawa, zurfin rijiya mita nawa. Da wannan jadawali a hannu, magini da kafinta na unguwarku za su iya zagaya ginin su gaya muku abin da aka rage, ba sai an ɗauko injiniya daga Kaduna ba.

Ɗauki maganar ruwan Zariya misali, wadda yara suka taso suka tarar ana yi. An gina matatar da aka tsara ta riƙa fitar da lita miliyan 150 a rana, kuma Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci sun ba da rancen wasu sassan aikin. Rance kuwa jama'ar jiha ce za ta biya. Mutumin da famfon layinsu bai taɓa ɗiga ba zai fi cin riba in ya nemi taswirar inda aka shimfiɗa bututu, da jerin unguwannin da aka haɗa, da alƙaluman ruwan da ake turowa kowane wata, a kan ya rubuta doguwar wasiƙar ƙorafi.

Yaya ake rubuta takardar?

Gajeruwa, ba zagi, ba wa'azi. Ka sa sunanka da adireshi da lambar waya, ka rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar. Ga yadda cikinta zai iya kasancewa:

"Ranka ya daɗe, bisa sashe na 1 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ina neman a ba ni kwafin waɗannan takardu game da ginin azuzuwa biyu a makarantar firamare ta kaza, gundumar kaza, na shekarar kaza: takardar ba da kwangila, jadawalin kayan aiki da farashi, takardun duk kuɗin da aka biya zuwa yau, da takardar shaidar kammala aiki idan an bayar. Na shirya biyan kuɗin kwafi. Ina sa ran amsa cikin kwana 7 kamar yadda sashe na 4 ya tanada."

Tunda aikin ofis da Turanci ake yinsa, ya fi kyau ka sami wanda zai juya maka ita, ka haɗa biyun. Ka yi kwafi biyu, ka kai ofishin karɓar wasiƙu, ka tsaya sai an buga hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Kada ka miƙa wa masinja a bakin ƙofa, kada ka yarda da "bar ta, zan ba oga." Ranar da ke kan hatimin nan daga ita ake fara ƙirga kwanaki, kuma ita ce shaidarka in magana ta kai gaban alƙali. Wanda bai da wannan hatimi, ranar da aka ce ba a taɓa ganin takardarsa ba, ba shi da abin cewa.

Kada kuma ka tara tambaya ashirin a takarda ɗaya. Aiki ɗaya, shekara ɗaya, takardu ƙididdigaggu. Mai neman "duk kuɗin da aka kashe tun 1999" shi ya ba su hujjar jan lokaci da kansa.

Ban yi boko ba. Ke nan ba ni da rabo?

Kana da shi. Sashe na 3 ya yarda wanda bai iya rubutu ba, ko mai lalurar nakasa, ya nema ta hannun wani. Ya kuma ce in ka je ka faɗa da baki, jami'in da ke da alhakin karɓa shi zai rubuta ya ba ka kwafi. Matan da ba sa fita su ma suna iya wakilta ɗa ko ƙani. Ai su ne suka fi kowa sanin ko akwai magani a ƙaramin asibitin gunduma ko babu.

Kwana nawa zan jira, nawa kuma zan biya?

Kwana 7. Hukuma na iya ƙara wasu da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa ko sai ta tuntuɓi wani wuri, amma sai ta sanar da kai. Kuɗi kuwa na kwafi ne kawai. Babu kuɗin fom, babu kuɗin "binciko fayil," babu na goro.

An ce min takardar sirri ce. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Gaskiya ne akwai abubuwan da dokar ta ware. Ba za ka je barikin horar da ƙananan sojoji ka nemi lissafin makamai ba. Ba za a ba ka fayil ɗin rashin lafiyar maƙwabcinka a Shika ba, ko sakamakon jarrabawar ɗan wani, ko tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba, ko sunan wanda ya tsegunta wa 'yan sanda a binciken da ake kan yi. Sirrin kasuwancin kamfani da abin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa su ma an kiyaye su. Babu mai hankalin da zai yi faɗa da waɗannan.

Sai dai kalmar "sirri" ta zama bargon da ake lulluɓe komai da shi. Ma'aikatanmu sun gaji wannan ɗabi'a tun daga Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da rantsuwar da ake sa su yi ranar kama aiki, har ta kai fayil ɗin sayen tsintsiya ma ana buga masa tambarin sirri. Sashe na 28 na dokar FOI ya ce wannan tambari shi kaɗai ba ya hana a ba da takarda. Sai jami'i ya nuna ta faɗa cikin abubuwan da aka ware. In wani ɓangare ne kawai ke da matsala, sashe na 18 ya ce a cire shi a ba da saura. A yawancin abubuwan da aka ware ma, dokar ta ce in amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar da ake tsoro, a bayar. Kuma duk hukumar da ta hana, dole ta rubuto maka dalili da sashen da ta dogara da shi. Farashin kwangilar gina kwalbati ba tsaron ƙasa ba ne.

In aka yi shiru aka ƙyale ni fa?

Shi ne abin da ya fi faruwa, kada a ruɗe ka. "Oga ba ya nan," "dawo mako mai zuwa," "sai an sami izini daga sama." A idon doka, shirun da ya wuce wa'adi daidai yake da hani. Daga nan kana da kwana 30 ka kai ƙara babbar kotu, ta jiha ko ta tarayya, kuma kotu na iya ƙara maka lokaci. A can nauyin kawo hujja yana kan hukumar ne: ita za ta gamsar da alƙali cewa tana da ikon hanawa. In aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Wanda ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan kafin ya bayar, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba.

A ganina tarar nan ta tsufa. Abin da naira 500,000 ke saye a 2011 ba shi take saye yau ba, kuma shari'a tana cin kuɗi da lokacin da mai neman na abinci ba shi da su. Shari'ar Edo da aka ambata sai da ta shekara fiye da goma kafin ta ƙare. Don haka kafin kotu, a gwada hanyoyin da suka fi araha. A rubuta takardar tuni, a aika kwafinta ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a. A sa ƙungiyar ci gaban unguwa ko kwamitin kula da makaranta su sa hannu, domin mutum ɗaya ana iya kiransa ɗan adawa, amma da wuya a kira iyayen yara ɗari haka. A gaya wa wakilan gidajen rediyo. In ta kama sai kotu, reshen ƙungiyar lauyoyi na Zariya da tsangayar shari'a da ke Kongo wurare ne da za a fara neman shawara, ga kuma ƙungiyoyi irin su SERAP da suka saba da irin waɗannan ƙararraki.

Akwai abin da zan iya gani ba tare da na rubuta wa kowa ba?

Da yawa, kuma ya kamata a fara da su. Sashe na 2 ya wajabta wa kowace hukuma ta riƙa bayyana wasu abubuwa da kanta: ayyukanta, kuɗin da ta karɓa da wanda ta kashe, sunayen ma'aikatanta da muƙamansu da albashinsu, da jami'in da ake kai wa takardar neman bayani. Kaɗan ne ke cikawa, amma ga abin da ke samuwa.

Kason da kowace jiha da ƙaramar hukuma ke samu duk wata daga asusun tarayya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi a intanet, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Kasafin jihar Kaduna da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk wata uku suna fitowa daga Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi. Tun Disamban 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin baitulmali inda ma'aikatu ke nuna biyan da ya haura naira miliyan 5. Shafin hukumar rajistar kamfanoni yana nuna ko kamfanin da aka ba aiki yana da rajista da kuma yaushe aka yi ta. Kamfanin da aka haifa wata ɗaya kafin kwangila abin a duba ne. Sai rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha da na ƙananan hukumomi, wanda kusan ba mai karantawa, alhali a ciki ne ma'aikacin gwamnati da kansa ke lissafa kuɗin da aka fitar ba takardar shaida.

Nijeriya ta shiga ƙawancen ƙasashe masu alƙawarin gudanar da mulki a buɗe, wato OGP, a 2016, jihar Kaduna kuma ta shiga rukunin jihohi da birane na ƙawancen a 2018. Zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i an fito da tsarin Eyes and Ears domin jama'a su riƙa aika rahoton ayyuka ta waya, an kuma soma karɓar buƙatun al'umma a rubuce kafin a tsara kasafi. Shiga ƙawance alƙawari ne, ba cikawa ba. Amfaninsa gare mu shi ne gwamnati da bakinta ta ce za ta buɗe littafi, don haka mai tambaya tuni kawai yake yi mata.

Matsalar ita ce duk waɗannan da Turanci suke, cikin dogayen jadawalai da waya ƙarama ba ta iya buɗewa da kyau. A garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, abin kunya ne a ce har yau ba a liƙa kasafin gunduma da Hausa a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa. Ɗaliban jami'a da na kwalejoji da suka cika garin nan, wannan aiki ne da za su iya yi wa unguwanninsu a yini ɗaya.

Ina aka kwana kan kuɗin ƙananan hukumomi?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke juyawa ba, kuma ba a ba kantomomin riƙo kuɗin. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa. Wannan ya sa tambaya ta farko ga kowane ciyaman ita ce: a wata kaza, Abuja ta ce an turo kaza, nawa ya shigo asusunka, me aka cire kafin ya iso, da umarnin wa? Ciyaman mai gaskiya ya kamata ya yi maraba da wannan tambaya, domin ita za ta wanke shi in ba a hannunsa kuɗin ya maƙale ba. Kansilan gundumarku shi ma yana da hannu a amincewa da kasafin ƙaramar hukuma. Ku neme shi da kwafi, ba sai lokacin rabon taki ko shinkafar azumi ba.

Ayyukan mazaɓu fa? Ba kyautar ɗan majalisa ba ce?

Ba daga aljihunsa ba ne, ko da an rubuta sunansa da hotonsa a jikin tankin. An daɗe ana ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya kowace shekara domin waɗannan ayyuka. Ɗan majalisa yana zaɓar aiki da wurin da za a yi, amma wata ma'aikata ko hukuma ce ke ba da kwangila ta biya, kuma ita za ka rubuta wa. Wani lokaci za ka tarar hukumar da aka liƙa wa aikin ba ta da alaƙa da shi ko kusa. Tun 2023 ɗan majalisar da ke wakiltar Zariya, Tajuddeen Abbas, shi ne kakakin majalisar wakilai, ayyukan tarayya kuma sun ƙaru a garin. Yawan aiki dalili ne na ƙara sa ido kan 'yan kwangila, ko kana goyon bayan wanda ya kawo aikin ko ba ka yi. Ƙungiyar BudgIT tana da shirin Tracka da ke jera irin waɗannan ayyuka, hukumar ICPC kuma tun 2019 take bin diddiginsu, har ta sa wasu 'yan kwangila komawa bakin aiki.

Ba rashin kunya ba ne yaro ya tsare babba da tambayar kuɗi?

An raine mu kan girmama na gaba, kuma ba abin yarwa ba ne. Amma uwar adashi ma, duk girmanta a unguwa, ranar kwasa sai ta buɗe littafi kowa ya gani, ba wanda ya ce an ci mutuncinta. Malamanmu kuma suna karantar da hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai aka yi masa hisabi, aka ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Sahabi ke nan. Ladabi yana cikin yadda ka yi tambayar: ka gaida mutum, ka ce ranka ya daɗe, ka sanar da mai unguwa abin da kuke ciki don kada ya ji a bakin wasu. Tambayar kanta ba ta zubar da girman kowa.

Ni ma'aikaci ne. In na ba da takarda ba zan jawo wa kaina ba?

Sashe na 27 na dokar FOI ya kare jami'in da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya bisa wannan doka. Ya ma kare wanda ya fallasa, ko ba da izini ba, abin da yake da dalilin gaskata cewa almundahana ne, ko ɓarnar dukiya, ko haɗari ga lafiyar jama'a. Akwai kuma tsarin tukuicin masu kwarmato na ma'aikatar kuɗi ta tarayya tun Disamban 2016, mai ba da kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato, sai dai manufa ce ba doka ba. Kariyar da ke rubuce ba ta hana a yi wa mutum canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa ko a danne masa ƙarin girma. Wanda zai yi, ya fara ganin lauya, ya kuma adana shaidarsa a wajen ofis.

Takardun sun zo hannuna. Sai me?

Kada ka garzaya Facebook ka rubuta "ɓarawo." Takarda ɗaya ba ta cika ba da labari duka ba, wataƙila an sake fasalin aikin, ko an biya rabin kuɗi ne kawai. Ga kuma dokar ɓata suna da dokar laifukan intanet, waɗanda aka sha kama mutane da su. Ku je wurin aikin ku uku ko huɗu da jadawalin a hannu, ku auna, ku ƙirga, ku ɗauki hoto mai kwanan wata. Ku rubuta abin da takarda ta ce a gefe ɗaya, abin da kuka tarar a ɗaya gefen, ku mayar wa hukumar ku ba ta dama ta yi bayani. Sau da yawa a nan ake gyara, domin ɗan kwangilar da ya san an riƙe jadawalinsa yakan dawo ya ƙarasa kafin magana ta yi nisa. Haka matasan shirin Follow The Money suka bi kuɗin share gubar dalma a Bagega ta jihar Zamfara, har aka saki kuɗin a 2013.

In bayanin bai gamsar ba, ku kai ga ICPC ko EFCC, ko kwamitin binciken kuɗin gwamnati na majalisar dokokin jiha in aikin na jiha ne ko na ƙaramar hukuma. Kwafi za ku ba su. Takardun asali, musamman mai hatimin nan, su zauna a hannun mutum biyu daban-daban a unguwa.